Ranar da Malam Ɗanbala Ya Mayar da Ajiya

A Kafin Ɗorawa, wani ƙaramin gari a gefen Dingaya ta ƙasar Gwaram, da wuya ka sami gidan da ba shi da wata takarda a cikin akwatin Malam Ɗanbala. Abin ya fara ne shekarar da ruwa ya ci rabin garin. Ɗakunan ƙasa suka zube, takardun gona da na makaranta suka jiƙe suka dunƙule kamar tuwon da ya kwana, mutane suka yi ta zirga-zirga zuwa sakatariya har ƙafa ta gaji kafin su sami wasu. Malam Ɗanbala kuwa, tsohon hedimastan firamaren garin, ɗakinsa na siminti ne a kan tudu, kuma yana da wani akwatin ƙarfe mai nauyin tsiya da ya sayo a Kano shekarar da ya yi ritaya. Mutum ɗaya ya kawo masa ajiya, na biyu ya biyo baya, kafin damina ta sake zagayowa duk wani abu mai tambarin hukuma a garin ya koma wurinsa. Katin zaɓe kaɗai ya haura ɗari da sittin.

Ajiya a wurin Malam tana da doka guda, ba kuma shi ya ƙirƙire ta ba, haka ya taso ya ga manya suna yi: wanda ya bayar shi ke karɓa, kuma daga hannun wanda ya ba. Ɗa ba ya karɓar wa uba, miji ba ya karɓar wa mata. Makullin yana rataye a wuyansa da zare, ko matarsa Kubra, da suka shekara talatin da takwas tare, ba ta taɓa buɗe akwatin ba. An taɓa samun wani magidanci da ya zo da gadara yana neman katin matarsa, ya koma gida hannu rabbana, da wa'azin da har yau bai gama narkar da shi ba.

Sai yanar ido ta sauko wa Malam. Da farko ƙananan baƙaƙe ne suka guje masa, sai manya, daga baya fuskokin mutane. Duniya ta koma masa haske da inuwa kawai, yana gane mai zuwa ta murya ko ta jan takalmi. Mutumin da ya koya wa rabin garin karatu ya zama sai an karanta masa saƙon waya. Ba ya ƙorafi a gaban mutane, amma Kubra ta san abin yana cinsa, don ta sha ganin ya ɗauko Alƙur'aninsa ya buɗe, ya daɗe yana shafa shafin, ya rufe ya ajiye. Likita a Birnin Kudu ya ce aikin bai kai na awa guda ba, sai dai fansho irin na Malam ba ya kai mutum ɗakin tiyata.

Hanya ɗaya ce ta rage masa, ita ce ta Alhaji Dabo. Wannan Alhaji ɗan garin ne, babban dillalin riɗi da ya koma Birnin Kudu ya gina bene, kuma tsohon ɗalibin Malam ne, wanda a aji bai taɓa gane lissafi ba sai da ya shiga kasuwa. Duk shekara yakan ɗauko likitocin ido su yi wa tsofaffi talatin aiki kyauta, aikin alheri ne na gaske, ba mai musun haka. Shekara biyu sunan Malam yana layi. Ƙanin Alhajin kuma, Abdulnasir, shi ne kansilan mazaɓar, yana neman komawa karo na biyu, mutanen Kafin Ɗorawa kuwa sun cika da shi. Kwalbatin hanyarsu ta zuwa Dingaya tun ambaliyar nan ta karye, har yanzu katako ne a kai, babbar mota ba ta shigowa. Saboda haka riɗin garin a araha yake tafiya, kuma ba sai an faɗa maka yaran wa ke zuwa da babura suna saye ba.

Ranar wata Laraba da la'asar, lokacin kaka, ana tsakiyar karkaɗe riɗi, Alhaji Dabo ya zo da kansa. Ya cire takalmi tun daga bakin zaure, ya ƙi hawa kujera, ya zauna a ƙasa kamar yadda ɗalibi ke yi.

“Malam, sunanka ya fito,” in ji shi. “Jibi Juma'a da safe mota za ta zo ta ɗauke ka. Asabar a yi aikin, Litinin ka dawo kana ganin kowa.”

Malam ya yi ta zuba masa addu'a. Da Alhajin ya miƙe zai tafi, ya ƙara da cewa likita ya ce a huta sosai kafin aiki, kada Malam ya wahalar da kansa da komai, ko akwatin nan ma ya bar shi a rufe, in ya dawo da idonsa ya sallami kowa a tsanake. Malam ya ce to. Murna ta rufe masa kunne, bai ji komai a cikin maganar ba sai kulawa. Kubra kuwa tun kafin magariba ta gama haɗa masa jaka.

Washegari da safe 'yan fatan alheri suka yi ta shigowa. Cikinsu har da Inna Hapsatu mai daddawa, tsohuwar da tun lokacin da aka fara barin matan Arewa su jefa ƙuri'a ba a yi zaɓen da ya wuce ta ba, kuma duk wanda ya zauna kusa da ita sai ya ji labarin. Ta yi addu'a, ta yi sallama, amma Malam bai ji takunta ya yi nisa ba. Tana tsaye a bakin ƙofa tana gyaran murya.

“To, jibin ma an ce zaɓe ne,” ta ce, kamar da kanta take magana. “Ba komai. Allah ya kai mu na gaba.”

“Inna, katinki fa? Ba za ki karɓa ba?”

“Haba Malam. Wa zai tayar da mai shirin asibiti a kan kati? Ai da kunya.”

Ta tafi, ta bar shi zaune. Ya san ranar zaɓen, rediyo kullum sai ta faɗa, amma sai yanzu ya haɗa ranakun biyu wuri guda. Tun safe mutum fiye da ashirin suka shigo, babu ko ɗaya da ya ambaci kati, kuma ya san ba mantawa suka yi ba. Shi zai kasance kwance a Birnin Kudu da makulli a wuya, babu kuma wanda zai fasa akwatin ajiya a bayan idon mai shi, ko da gari zai tashi. Ya kuma tuna cewa duk shekara sai tsakiyar rani ake wannan aikin ido, bana ne kawai aka jawo shi cikin kaka. Ya ji zuciyarsa ta yi nauyi, don yana ƙaunar yaron nan Dabo, kuma bai so abin da ya hango ya zama gaskiya ba.

Ya sa Kubra ta kira masa lambar. Bayan gaisuwa ya ce yana so yau ya raba wa mutane katinsu, gobe ya shiga mota da kwanciyar hankali.

“Malam, mu yi magana ta manya,” in ji Alhaji Dabo. “Mutanen garin nan sun ɗauki zuga. In suka fito jibi, Abdulnasir ya faɗi, don tazarar ba ta da yawa. Ban ce ka ƙona katin kowa ba, ban ce ka yi ƙarya ba. Ka kwanta a asibiti kawai. Wa zai ga laifinka?”

“In na raba yau fa?”

“To, akwai tsofaffi da yawa a layi, Malam.”

“Dabo,” ya ce, karo na farko cikin shekaru da bai kira shi Alhaji ba, “a cikin akwatin nan akwai masu son ƙaninka. Su ma ka kulle su?”

Alhajin ya ce yana da baƙi, za su yi magana, ya kashe wayar.

Kubra ta ji komai, kuma ba ta ɓoye abin da ke ranta ba. Ta ce kansila ne fa, ba shugaban ƙasa ba, kuma ko wa ya ci ba shi zai zo ya riƙe masa sanda ba. Ta tuna masa faɗuwar da ya yi a kwata watan jiya, har yanzu gwiwarsa ba ta warke ba. Ta ce 'yarsu Nasiha ta haihu wata bakwai ke nan, ya ɗauki jikan ya shafa kansa amma bai san kamanninsa ba. Ta ce ta gaji, tana kuma jin tsoron ranar da za ta kwanta ciwo ya rasa mai kai shi ko bakin rijiya. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, shi ya sa ya fi masa ciwo.

Ya bar ta ta gama. Ya ce shi ma yana jin tsoro, kuma babu abin da yake so a duniya kamar ya sake ganin rubutu. Amma in Dabo ya gwada ya ga ana iya rufe gari guda da makulli ɗaya, to ya gano hanya, gobe ba ma sai ya ɗauko likita ba.

“Ido nawa ne, Kubra. In na rasa shi, nawa na rasa. Abin da ke cikin akwatin nan ba nawa ba ne da zan biya asibiti da shi.”

Ta tashi ta shige kicin, ya ji tukwane suna shan wahalar da ba su jawo ba.

Da aka idar da sallar azahar ya miƙe a masallaci ya sanar cewa duk mai katin zaɓe a wurinsa ya zo ya karɓa yau, maza su gaya wa matansu. Ya koma gida, ya sa aka jawo masa akwatin zuwa zaure, ya buɗe, ya zauna yana jira. Babu wanda ya zo. Ashe Kubra ta sauke abin da ke cikinta wa maƙwabciya ta kan katanga, kuma a Kafin Ɗorawa maganar da ta haye katanga ɗaya ta gama gari. Kowa ya san abin da Alhaji ya ce, kowa kuma ya yanke wa kansa cewa ba da hannunsa za a hana Malam ido ba. Mutanen garin nan in suka tashi yin kirki, har kansu suke cuta suna murmushi.

Gab da la'asar liman, Malam Zulkifli, ya shigo da dattawa biyu. Suka ce jama'a ce ta aiko su. An yi shawara, an yafe zaɓen bana, ya rufe akwatinsa ya tafi a gyara masa ido, zaɓe ai yana sake zagayowa. Sun zaci zai yi godiya, sai suka ga ransa ya ɓaci.

“Allah ya gafarta malam,” ya ce wa liman, “naka ka yafe, na ji. Na matan da ke cikin gida fa, wa ya tambaye su? Na samarin da ke gona tun asuba fa?” Ya ce wannan tausayin nasu shi ne ainihin abin da Dabo ya dogara da shi, ya san halin garinsu sarai, ya san za su ji kunyar makaho. Ya ce shekara talatin yana tsaye a gaban allo yana gaya wa 'ya'yansu cewa ƙuri'a haƙƙi ce, ba zai zo da furfura ya nuna musu farashinta ba. Liman ya yi ta ba shi haƙuri, suka tashi jiki a sanyaye, ba wanda ya ɗauki nasa.

Malam ya yi sallar la'asar, ya laluba ya kwaso katunan duka ya zuba a babban tire, ya ɗauki sandarsa. Ya san abu ɗaya da su ma suka sani: mutum yana iya ƙin zuwa karɓar ajiya, amma in mai ajiya ya tako har ƙofarka ya ce ga kayanka, ba ka da bakin cewa a'a, don ƙin karɓa tamkar ka ce ya taɓa maka abu ne. Yana ƙoƙarin haɗa tire da sanda a hannu biyu sai ya ji an fizge tiren. Kubra ce, ta yafa mayafi. Ta ce kada ya ɗauka ta yarda, ba ta yarda ba, kawai ba za ta zauna a zo a gaya mata ya faɗa rami da katin mutane ba. Ta ɗora tiren a ka, ta kama bakin sandar, suka fita.

Gida-gida suka bi. A kowane zaure sai ya yi sallama ya ce ya kawo ajiya. Shi ba ya ganin suna, Kubra ba ta yi boko ba, don haka dole kowa ya tsuguna ya tona ya nemo fuskarsa. In ya samo sai ya sa a hannun Malam, Malam ya tambayi sunan da ke jiki, sannan ya miƙa masa da hannunsa. Matan da ba sa fitowa, Kubra ke shiga musu da tiren, su zaɓo, ta fito da shi, shi kuma ya miƙa ta bayan ƙyaure. Wata amarya ta rantse wannan mai kumburarren kumatun ba ita ba ce, sai da uwar mijinta ta zo ta ba da shaida. Wasu suka karɓa suna hawaye, wasu suna yi masa faɗa. Kamaluddeen mai gyaran babur, wanda hoton Abdulnasir ke manne a ƙofar shagonsa, ya karɓi nasa ya kasa ɗaga kai. Malam ya ce masa ya fito jibi da wuri ya zaɓi mutuminsa, abin da aka kawo masa katin ya yi ke nan.

Inna Hapsatu ta miƙo hannu biyu ta karɓa. Ta ƙulle nata a bakin zane, ƙulli biyu, ta cusa wa Kubra daddawa a hannu. Kiran magariba ya same su a ƙarshen gari, gwiwar Malam ta kumbura, saura gida tara. Waɗannan suka ƙarasa su da sassafe, kafin mutane su fita gona.

Da hantsi motar ta zo. Direban, wani mai suna Muslim, ya durƙusa ya gaishe da Malam, ya yi ta kame-kame kafin ya iya cewa an umarce shi ya fara duba wani akwati. Malam ya ce ga shi nan a buɗe, ya duba da kyau, takardun gona ne da na haihuwa suka rage. Muslim ya koma gefe ya yi waya. Malam yana zaune da sabuwar rigarsa, jakarsa a gefe, don har lokacin wani ɓangare na zuciyarsa yana cewa Dabo ba zai iya ba, yaron da ya taɓa goyawa zuwa asibiti ranar da kunama ta harbe shi a aji.

“Baba,” in ji direban, muryarsa ƙasa-ƙasa, “ya ce wai a jira wani zagayen. Wallahi ni aike ne.”

“Na sani, ɗana. Ka gaishe shi. Ka bi a hankali a kan katakon nan.”

Ya saurari ƙarar motar har ta ɓace. Ba zai ce bai ji zafi ba, ya ji. Kubra ta ɗauki jakar ta shiga da ita ciki, ta daɗe ba ta fito ba.

Ranar Asabar aka kafa akwatin zaɓe a firamaren da ya yi wa hedimasta. Tun daga nesa ya ji hayaniyar, irin wadda rabon filin da ita tun ana taron iyayen yara. Da suka iso sai surutun ya ragu, mutane suka dare suka ba shi hanya. Malamar zaɓen, baƙuwa ce daga Gwaram, ta duba katinsa, ta tambaye shi wa ya amince ya taimaka masa. Ya ce matarsa. A bayan labulen kwali Kubra ta faɗa masa alamomin da ke kan takardar ɗaya bayan ɗaya, ya raɗa mata wadda yake so, ta kama babban yatsansa ta dangwala a tawada ta ɗora. Bai ga inda yatsan ya sauka ba. Wanda ya zaɓa kuwa, wannan tsakaninsa ne da ita, ni ma ban tambaya ba.

Da suka fito ta ja shi za su wuce gida, ya tirje a bakin baranda. Ya ce ta gaya masa ina layin ya kai. Ta ce na maza ya wuce rijiya, na mata ya zagaye ajin ƙarshe ya fita har bakin hanya, wasu da goyo, wasu da ƙaiƙayin riɗi a jikin zane. Ya juya fuskarsa wajen, ya buɗe ido iyakar buɗewa, bai ga komai ba sai inuwoyi suna motsi a cikin haske.

“Faɗa mini su waye,” ya ce. “Kada ki tsallake kowa.”

Kubra ta dube shi, ta dubi layin. Ta share ido da gefen mayafi, ta gyara masa tsayuwa a inuwa saboda gwiwar, sannan ta fara kiran sunaye daga farkon layin mata.